Ƙawaye na ta masha Allah, yayana kuma yace in koma zana akwati

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah shawara nake nema kuma a ɓoye sunana. Ni mai lalle ce, shekarata 24, alhamdulillah ana yabon hannuna har amare nake yiwa. To tun bayan ƙaramar sallah na fara koyon zane da fensir, ina duba hoto a waya ina kwafa, fuskoki, fulawoyi, kayan shayi haka dai, in na gama in sa a status ƙawaye suyi ta masha Allah. Rannan yayana ɗan baffanmu da ya karanci zane a jami'a yazo gaida Hajiya sai na ɗauko masa littafin ina murna, wallahi Anti ko minti biyu bai yi yana kallo ba yace in ajiye zanen fuska tukun in koma jan layi da zana akwati, wai ko kofin da na zana bazai zauna a kan tebur ba. A gaban ƙannena fa. Na gwada layin da akwatin kwana uku naji kamar horo ake min, yanzu sati na uku kenan ban taɓa fensir ba. Ga hoton kofin nan na turo miki. Anti ko dai bani da baiwar ne? Ko na makara? Kuma maganar wa zan ɗauka, masu cewa yayi kyau ko shi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da wadda zata fi miki ɗaci dan mu wuce wurin da wuri, maganar yayanki gaskiya ce. Yadda ya faɗe ta ne bai kyauta ba, mutum ya ɗauko maka abin da ya hana idonsa barci a kai, yana murna, ka yanke masa hukunci a tsaye a gaban ƙannensa, wannan ba koyarwa bace kuma da gaskiyarki da kika ji zafi. Amma zafin daban maganar daban, kada ki haɗa su ki zubar gaba ɗaya.

Na buɗe hoton kofin na daɗe ina kallonsa. Hannunki a natse yake, layukan basa rawa, fulawar da kika sa a jikinsa ma tafi ƙarfin sabon shiga. Bakin kofin kin yi shi zagaye a kwance, faɗinsa yafi tsayinsa, daidai kenan tunda daga ɗan sama kike kallonsa. To amma gindin fa? Layi kika ja masa miƙaƙƙe ɗoɗar. Nan ne yayanki ya gani. Bakin yana nuna daga sama ake kallon kofin, gindin kuma yana nuna daga saitin tebur ake kallonsa, ido ya rasa wanne zai yarda da shi, shi yasa kofin yake kamar yana reto a iska. Inuwar ma kin sa masa ta hagu kin sa masa ta dama, ba a san ta ina hasken yake zuwa ba.

Kuma ba rashin baiwa ne ya jawo ba. Kin san gindin kofi a shafe yake tunda yana zama a tebur, to abin da kika sani ne hannunki ya rubuta ba abin da idonki ya gani ba, kusan duk mai koyo sai ya faɗa wannan ramin. Yanzun nan ki ɗauko kofin silba a kicin, ki ɗaga shi har bakinsa yazo saitin idonki, zaki ga bakin ya koma layi ɗaya tal. Ki rinƙa sauke shi a hankali, bakin zai rinƙa buɗewa, in ya kai ƙasa kusa da ƙafarki kina leƙa shi daga sama ya zama cikakkiyar da'ira. Kinga kenan duk zagayen da yafi sauka ƙasa da idonki shi yafi buɗewa, gindin kofi kuwa yana ƙasa da bakinsa, dan haka lanƙwasar gindin ma sai ta ɗan fi ta bakin. Wannan abu ɗayan in ya zauna miki kin gyara kofi, gwangwanin madara, kwalba, bokiti, tukunya, buta, har wuyan riga da hannun riga, duk dangin juna ne.

Shi yasa kwafar hoto daga waya take ruɗar mutum. Kamara ta riga tayi mai wuyar, ta ɗauki abu mai gaba da baya da kauri ta shimfiɗe miki shi, ke kuma kina bin inda yayi baƙi da inda yayi fari kina mayarwa a takarda. Yana koyar da haƙuri da lura, ban ce ki daina ba sam, amma ranar da aka ce zana min kofin nan daga sama, ko juya shi mariƙin ya koma baya, sai hannu ya tsaya cak dan ba a taɓa nuna masa yadda kofin yake a tsaye ba. Layi da akwatin da kike ji kamar horo su ne suke koyar da wannan. Kin yi makarantar allo ai, ba wanda aka fara wa da allon zayyana, babbaƙu ake farawa a koma farfaru, a rubuta malam ya duba ya gyara a biya a wanke, zayyana sai ranar sauka. Ke da zayyanar kika fara saboda hannunki ya iya ado tun daga lalle, yanzu an ce ki dawo babbaƙu, dole ranki ya sosu.

Lallen nan kuma kada ki raina shi, jari ne babba kika shigo da shi. Mai lalle bata da kilina, baƙin lalle in ya kama fatar amarya shikenan ya zauna, dan haka kin riga kin saba da tsara abu a zuciya kafin ki sa hannu, kin san matsawa da sassautawa, kin san daidaita zanen hannun dama da na hagu. Wasu sai sun daɗe suna neman wannan natsuwar. A Zariya a 1958 ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello sun kafa ƙungiyarsu, irinsu Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suna koyon zanen Turawa a aji amma suka ce bazasu yar da na gida ba, shi Okeke uli ya koma wa, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, kuma da shi aka san shi. Ba cewa aka yi ki bar abin da kika iya ba, ƙari zaki yi a kai.

Inda lallen zai ɗan takura ki shine girman motsi. Da yatsu ake yinsa da wuyan hannu, a hankali, cikin ɗan fili. Dogon layi a takarda kuwa daga gwiwar hannu da kafaɗa yake fitowa, in kika lallaɓa shi da yatsu lanƙwashewa zai yi ko yazo guntu-guntu. Ki ɗiga ɗigo biyu, tsakaninsu kamar tsawon biro, ki wuce da hannunki a sama daga wannan zuwa wancan sau biyu sau uku ba tare da kin taɓa takarda ba, sannan ki ja sau ɗaya da ɗan sauri, idonki na kan ɗigon da zaki je ba kan bakin biron ba. In ya kauce ya kauce, kada ki bi shi da gyara, ɗiga wasu biyun. Takardar ki juya ta yadda hannunki yafi sakewa, ba dole sai ta zauna a miƙe ba. Kuma da biro nace ba fensir ba, saboda fensir da kilina shakka suke koya wa mai koyo, ya ja ya goge ya ja ya goge har takarda ta huje. Kada ki taɓa littafinki mai kyau, ki samo tsofaffin A4 da aka buga gefe ɗaya a shagon fotokofi ko ragowar littattafan makarantar ƙannenki, takardar da bakya tausayi ita ake koyo a kai. Daga layi sai zagaye a kwance irin na bakin kofi, ki cika shafi da su, sirara da masu faɗi, kowanne ki zagaya shi sau biyu kafin ki ɗaga hannu, ki kula kada gefensa yayi tsini, da'ira ko ta kwanta bata da kusurwa.

Sai akwatin da kika tsana. Ki ajiye kwalin ashana ko na sukari a gabanki, na gaske ba hoto ba, ki zana shi yadda kike ganinsa, har da gefunan da suka ɓuya a baya kamar kina hango su ta ciki. In kin gama sai ki ɗauki rula da jan biro ki tsawaita layukan da suke tafiya baya, ki bar su su wuce akwatin har ƙarshen takarda. Ƙa'idar ita ce, layukan da a zahiri suke a jere basa haɗuwa, in suna yin nisa da ke dole a ido su rinƙa matsowa kamar zasu haɗu a wuri ɗaya, yadda titi ko layin dogo yake tsukewa in kin hango ƙarshensa, kuma in kwalin a zaune yake a tebur wurin haɗuwar a saitin tsayin idonki yake. Jan biron zai nuna miki ƙiri-ƙiri, zaki ga wani layin ya nufi gabas wani ya nufi arewa, ko ma gefen baya yafi na gaba tsawo, masu koyo suna yawan yin wannan. Ba wanda ya zage ki ba wanda ya yabe ki, rula ce ta faɗa. To wallahi saboda wannan nake son atisayen nan duk da rashin daɗinsa. Zanen fuska in kin gama baki da abin auna shi sai "yayi kyau" ko "bai yi ba", akwati kuwa yana da amsa, zaki ga kuskuren da idonki, ki gane ta wane gefe hannunki yafi kaucewa, na gaba ki gyara. Mai koyon da bashi da malami kullum a kusa ba abin da yake buƙata kamar aikin da zai iya duba wa kansa.

Kuma ba raini bane a ce ki zauna a kan wannan, manyan mutane sun sha wuya kafin a gane shi. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira wajen shekara 1000 da suka wuce, shi ya kafa hujja cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shigo ido a miƙe, ba ido ne yake fitar da haske ba, daga baya aka fassara aikinsa zuwa Latin Turawa suka karanta. Sai a farkon shekarun 1400 wani magini a birnin Fulorans na Italiya mai suna Brunelleschi ya zana wani gini da wannan lissafin na nesa da kusa, ya huda allon zanen yana leƙawa ta baya da madubi a hannu, dan ya gwada zanen da ginin na gaske yaga ko sun dace, a 1435 kuma wani masanin Italiya mai suna Alberti ya rubuta ƙa'idojin. Ki lura da abin da maginin nan yayi, bai tara abokai yana tambayar ko yayi kyau ba, hanyar gwadawa ya nema.

Haske da inuwa bazan ja shi ba dan ba shine na farko a gabanki ba. Da daddare ki ajiye ƙwai ɗaya a kan farar takarda ki haska shi da tocila ta gefe ɗaya kawai, ki kalla sosai kafin ki zana. Zaki ga inda yafi duhu a jikin ƙwan ba can bakin gefensa bane, ɗan ciki ne, saboda takardar tana mayar masa da haske daga ƙasa, sannan daidai inda ya taɓa takardar baƙi ne ƙirin. Wannan ɗan baƙin na ƙasa shi yake zaunar da abu, kofinki bashi da shi. A nan ne zaki ɗauki fensir, HB da 2B sun ishe ki, in kin samu 4B ko 6B to madalla, masu B sun fi laushi da baƙi masu H sun fi tauri, ba sai kin sayi mai tsada ba.

Kwana ukun da kika yi kika gaji, ina zargin zama kika yi awa da awanni kina jan layi cikin haushi. Ba haka ake yi ba. Minti 15 zuwa 20 ya isa, sauran lokacin ki zana fulawarki da kayan shayinki da duk abin da yasa kika ɗauki fensir tun farko. A nan ban bi yayanki ba in yana nufin ki daina komai sai akwati, wanda aka raba da abin da yake so gaba ɗaya ajiye fensir yake yi, gashi kin ajiye. Kaɗan kullum yafi dogon zama ɗaya a sati, lokacin bukukuwa in aiki ya miki yawa ko shafi ɗaya na layi ne kiyi kafin ki kwanta. Ki rinƙa sa kwanan wata a kowace takarda ki tara su a leda kada ki yar da ko ɗaya, ranar da zuciya tace miki bakya gaba sai ki fito da na wata biyu baya ki jera da na yau.

Batun makara kuwa, a 24? Vincent van Gogh na ƙasar Holan yana da shekara 27 a 1880 ya yanke shawarar zama mai zane, bayan ya gwada aikin shagon sayar da zane-zane da koyarwa da wa'azi duk basu ɗore ba. Da kwafar darussan masu koyo ya fara, ya gama ya sake daga farko ya kuma sakewa, kuma zanensa na farko-farko in kin gani mutanen a sandare suke. Har irin rigimarki yayi, wani mai zane Anton Mauve da yake auren 'yar uwarsa ya ɗauke shi yana koya masa, yace ya zauna yayi ta zana mutum-mutumin filasta na atisaye, shi kuma ya fusata ya farfasa su, ga wasu dalilan kuma, suka ɓata. Amma da Mauve ya rasu a 1888 sai gashi ya zana bishiya mai fure ya rubuta sunan Mauve a jiki dan tunawa da shi. Shekara 10 kacal yayi yana zane kafin ya rasu a 1890. Ba ina miki fatan irin rayuwarsa bane, ta wahala ce, so nake kiga wanda duniya take kira mai baiwa da atisayen masu koyo ya fara, yana sama da shekarunki, kuma shima gyara ya masa zafi. Ni ban musa akwai baiwa ba, wani yafi wani saurin kamawa, amma ba a gane ta cikin 'yan watanni, kuma ba ita take lanƙwasa gindin kofi ba, sani ne.

Yanzu maganar wa zaki ɗauka. Ƙawayenki ba ƙarya suke miki ba, sonki suke, kuma wanda bai taɓa zana komai ba in yaga fuska ta fito daga bakin fensir da gaske mamaki yake. Ki karɓi masha Allah ɗinsu kice na gode, tana da ranarta in gwiwa tayi sanyi. Amma ba gyara bace, kuma in kika saba da ita akwai abin da nake ji miki tsoro, zaki fara zana abin da kika san zai kawo yabo kawai, ki rinƙa gudun yatsu da ƙafa da akwati da duk abin da zai fito da rauninki, a wayi gari shekara uku kina zana fuska ɗaya mai kallon gefe ɗaya. Na ga masu hannu da yawa da suka tsaya a nan, abin yana min ciwo har raina.

Su ƙawayen ma zasu miki amfani in kin canza tambayar. Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya, ya shawarci masu zane kada su ƙi sauraron kowa, domin ko wanda bai iya zane ba ya san siffar mutum, zai gane in kafaɗa ɗaya tafi ɗaya ko hanci ya karkace. "Yayi kyau?" amsarta ɗaya ce, ba ƙawar da zata kalli idonki tace a'a. Amma kice mata "ina idonki ya fara zuwa?" ko "in dole sai kin canza abu ɗaya a nan me zaki canza?", ko ki kira autarku kice "wannan daga ina ake kallonsa, sama ko gefe?", yara basu iya kara ba. Zasu nuna miki wurin da bai yi ba, yadda za a gyara ne basu sani ba. Shi dai Leonardon ne kuma yayi wasiyya da madubi, a ɗaga zane a gabansa sai ya zama kamar aikin wani, kuskuren wani kuwa yafi saurin ganuwa, karkatar da idonki ya saba da ita har ya daina gani nan take zata fito. Ki kifa zanen sama ya koma ƙasa, ki jingina shi a bango ki ja da baya, ki bar shi ya kwana ki duba da safe. In fuska ce ki auna da fensir, idanu a tsakiyar kai suke in an auna daga tsakar ka zuwa haɓa, masu koyo sama suke kai su saboda goshi da gashi basa ɗaukar musu hankali.

Tunda na ambaci fuska, na san wani zai taso miki da maganar zanen mai rai in bai riga ya taso ba. Wannan fagen malamai ne, ki tambayi wanda kika yarda da iliminsa. Abin da zan ce kawai, layi da kwali da kofi da ƙwai da gini ba mutum ba dabba a cikinsu, kuma zaki yi shekaru a nan baki ƙure su ba.

Wanda ya san yadda za a gyara kuwa kina da shi a cikin dangi, mutum nawa ne suke neman irinsa basu samu ba. Ki koma wurinsa. Na san da nauyi, amma gyara kayanka ai baya zama sauke mu raba. Sai dai wannan karon ke zaki tsara yadda za ayi. Kada ki miƙa masa littafi sukutum a tsakar gida kina jiran hukunci, wanda aka ba tulin zane a tsaye ba abin da zai iya faɗa sai magana ɗaya dunƙulalliya, kuma ita ce mai zafin. Ki tura masa shafi ɗaya ko biyu, daga ke sai shi, kice Yaya nayi akwatunan da kace, na tsawaita layukan, naga na hagu kullum buɗewa suke maimakon su tsuke, ina nake kuskurewa? Ki faɗa masa me kika so yi, me kika kalla kika zana, da inda ke kanki kike zargi. Ki roƙe shi ya ja gyaran a kan hoton ko a wata takarda, dan jin "gindin bai zauna ba" a baki daban, ganin layin da ya kamata a ja daban. Abu ɗaya ko biyu zaki nema a lokaci guda. Kuma kada ki ɓoye munanan shafukan ki tura wanda yafi kyau, a munanan ne zai ga inda hannunki yake kaucewa.

In ya gyara kada ki hau kare kanki, ai biron ne, ai sauri nake, ai wuta aka ɗauke. Kice na gode, in baki gane ba kice ban gane ba Yaya nuna min. Sannan abin da yawanci ba a yi, ki sake zana abin nan dai da gyaran a ciki ki mayar masa. Mai sana'a in yaga an ɗauki maganarsa anyi aiki da ita sai kiga ya sauko ya fara baki lokacinsa da kansa, abin da yake kashe musu jiki shine suyi bayani mutum yace to, ya tafi ya dawo da kuskuren jiya. Ba laifi kuma ki faɗa masa cikin ladabi cewa maganar rannan ta miki zafi a gaban yara, wataƙila shi bai ma san yayi ba, a ajin zane haka ake kafa aikin ɗalibi a bango kowa ya tofa nasa, sun saba har sun manta yadda abin yake ga wanda bai saba ba.

In kuma kin gwada kinga shi mutum ne da sai ya ƙasƙanta ki yake jin daɗi, to ki bar shi da gaisuwa ki nemi wani, malamin zane na sakandare ko na kwalejin ilimi, ɗalibar da ta ɗan fi ki, masu rubuta allon shago da zanen jikin mota, masu zana aska a babbar riga kafin a ɗinka, duk sun san layi. Ma'aunin mai sauƙi ne, gyara na gaske wuri yake nunawa a takarda yace nan, saboda kaza, gwada kaza. Wanda ya bar takardar ya dawo kanki, baki da baiwa, mata basa iya wannan, ki koma lallenki, wannan ba gyara yake ba ko digiri nawa ne da shi. Maganar yayanki duk da kaushinta a takarda ta tsaya, ya nuna wuri kuma ya faɗi abin yi, shi yasa nace ki koma. In baƙi kike turawa a intanet ma da wannan zaki auna su, kuma kada ki bi bakin mutum goma lokaci ɗaya kanki ya ɗaure, amma in mutum biyu ko uku da basu san juna ba suka nuna wuri ɗaya to ki duba wurin da kyau.

In zaki ɗauki hoton aikin ki ɗauka da rana kusa da taga, ba filasha ba filta, wayar a saitin takardar ba a karkace ba, dan karkatacciyar waya tana canza tafiyar layukan sai a gyara miki kuskuren da baki yi ba. Ki haɗa da hoton shi kansa kwalin daga daidai inda kika zauna kika zana shi, yadda mai dubawa zai jera su biyun. Nima ki turo min shafin akwatunan in gani, da jan biron a jiki.